Haihuwa a Tamale ta Yau: Me Ke Ƙarfafa Ma'aurata, Me Ke Sanyaya Musu Gwiwa?



 

Akwai wata magana da ake yawan yi a tsakaninmu, amma da murya ƙasa-ƙasa. Dattawa suna cewa yaran yanzu ba sa son haihuwa, da an yi biyu ko uku sai a tsaya. Matasa suna cewa su Baba ba su san kuɗin haya da kuɗin makaranta na yau ba. Matan aure kuwa, waɗanda su ne masu ɗaukar cikin, ba kasafai ake tambayarsu ba. Wani ya ce wane imaninsa ya yi rauni shi ya sa yake tsoron haihuwa, wani ya ce a'a, wane ne dai ba shi da lissafi, yana ta tara yaran da ba zai iya riƙewa ba. A haka ake ɓata zumunci, a haka kuma wasu aure ke mutuwa.

Shi ya sa muka ga ya dace mu baje maganar a faifai. Abin da muka fahimta shi ne mafi yawan mutanenmu har gobe suna son 'ya'ya. Abin da ya sauya shi ne masu ɗaukar nauyin. A da gida guda ne ke renon yaro. Yau sau da yawa mutum biyu ne a ɗakin haya, wani lokacin ma mace ɗaya.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar ƙididdiga ta Ghana takan gudanar da wani babban bincike kan lafiya da yawan jama'a lokaci zuwa lokaci. A na 1988, matsakaicin 'ya'yan da mace ɗaya ke haifa a rayuwarta ya kai 6.4. A na 2022 ya sauko zuwa 3.9, wato kusan huɗu. Amma ƙasar ba ɗaya ba ce. A yankin Akra adadin 2.9 ne, a yankin Arewa maso Gabas, wajen su Nalerigu da Walewale, 6.6 ne, namu yankin Arewa kuma ya ɗan haura biyar. Matan birni suna haifar ƙasa da matan karkara ko'ina a ƙasar. To kun ga Tamale tana tsakiya: birni ne mai saurin girma, amma ƙafarsa ɗaya tana gona.

Idan muka leƙa waje za mu ga inda hanyar take iya kai mutane. Masana sun ce al'umma tana buƙatar kimanin 2.1 domin kada yawanta ya riƙa raguwa. A Koriya ta Kudu adadin ya faɗi zuwa 0.72 a 2023, duk da ɗimbin kuɗin da gwamnati ta zuba don mutane su haihu. Ƙasar Sin ta shafe shekaru sama da 30 tana tilasta wa iyalai da yawa ɗa guda, ta sassauta zuwa biyu, a 2021 ta ce uku, amma jama'a ba su koma ba, har yawan mutanenta ya ragu a 2022. Kada kuma mu ce ai waɗannan ba Musulmi ba ne. A Iran haihuwa ta sauko daga sama da shida zuwa kusan biyu cikin shekara 15 kacal, a Turkiyya kuma ta kai 1.51 a 2023.

A 2025 asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoton tambayoyin da aka yi wa mutane a ƙasashe 14, har da Najeriya da Maroko. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ya ce ba ya tsammanin zai samu adadin 'ya'yan da yake so, kuma kashi 39 cikin ɗari sun ambaci rashin kuɗi. Ashe dai ko a can, da yawa so suke yi, hali ne ya hana.

Abin da ke ƙarfafa mutum ya haihu

Na farko a wurinmu shi ne addini. Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da aure da haihuwa, ya kuma nuna zai yi alfahari da yawan al'ummarsa, kamar yadda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito. A hadisin Muslim an lissafa ɗa nagari mai yi wa iyayensa addu'a cikin abubuwa uku da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa. A lura fa, ɗa nagari aka ce. Annabawa ma sun roƙi zuriya: Annabi Ibrahim ya roƙa, Annabi Zakariyya ya roƙa yana tsoho, kuma kowannensu zuriya ta gari ya nema.

Na biyu shi ne tsufa. Ma'aikacin gwamnati yana da fansho. Amma manomi, da tela, da mai yalo-yalo, da mai sayar da hatsi a kasuwar Aboabo, yawancinsu fanshonsu 'ya'yansu ne. Wanda ba shi da mai kawo masa tuwo in ƙarfi ya ƙare ya san abin da yake tsoro, kuma ba wauta ba ce.

Na uku shi ne gona. A nan Arewa damina ɗaya gare mu, aiki kuma yakan taru wuri guda: noman masara, tuƙin doya, cirar gyaɗa, tsintar kaɗanya. A ƙauye yaro ɗan shekara goma hannu ne. A birni yaron nan ɗan shekara goma baki ne kawai, sai ya kai ashirin da wani abu kafin ya fara shigo da ko sisi. Wannan bambancin yana cikin abubuwan da ke bayyana tazarar da ke tsakanin birni da karkara.

Na huɗu shi ne mutunci. Amarya in ta shekara ba ciki, dangin miji sun fara kallon cikinta kafin su kalli fuskarta. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuma wani lokaci haihuwa takan zama gasa, kowace tana lissafin gado da matsayi. Wani maigida yana da mata biyar a jere, ba zai huta ba sai an samu namiji. Waɗannan ma suna ƙara haihuwa, amma ba duk abin da ke ƙara haihuwa ne abin yabo ba. Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, ta bayyana cewa rabon 'ya'ya mata da maza, da ma rashin haihuwar, duk a hannun Allah yake, kuma 'ya'ya mata ta fara ambata.

Akwai na biyar da ba a cika faɗa ba, wato mutuwar yara. A 1988, cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa a Ghana, kimanin 155 ba sa kai shekara biyar. A 2022 adadin ya sauko zuwa 40. Kakanninmu sun haifi takwas ko goma suna sane da cewa ƙyanda da zazzaɓi da gudawa za su iya ɗauke wasu. Da rigakafi da gidan sauro da asibiti suka yawaita, sai iyaye suka daina haihuwa da wannan fargaba. Wannan ni'ima ce da ya kamata mu gode wa Allah a kanta.

Abin da ke sanyaya gwiwa

Mu fara da ƙofar shiga, wato aure. Sadaki a shari'a abu ne mai sauƙi. Amma lefe, da kayan ɗaki, da anko, da makaɗa, da rumfuna, da abincin kwana da kwanaki, su ne suka mayar da aure dutse. Saurayin da ya kamata ya yi aure yana da shekara 25 sai ya kai 35 yana tara kuɗi. Budurwa tana zaune tana jira. Duk shekarar da aka jinkirta aure, an rage shekarun haihuwa ke nan, ba tare da kowa ya yanke shawarar hakan ba. Haka sunan jariri: sunna ita ce yanka da aski da raɗa suna mai kyau, amma yanzu wani sai ya ci bashi kafin a yi taron da za a ce ya fita kunya.

Sai muhalli. Dokar haya ta Ghana tun ta 1963 ba ta yarda mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba ba, amma kowa ya san a aikace shekara ɗaya ko biyu ake nema a dunƙule. Mai ɗaki ɗaya da 'ya'ya uku, in ya tuna sabon ciki, abin da ke fara faɗo masa shi ne ina za a shimfiɗa tabarma ta huɗu. Kuma addini da kansa ya ce a raba wa yara wurin kwana in sun kai shekara goma. Ga matsalar ruwa da unguwanni da yawa ke fama da ita, musamman da rani. Ga tsadar kaya: a Disambar 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuma kowace uwargida ta ji abin a kwanon awonta.

Sai karatu. Gaskiya ne tun Satumbar 2017 an mayar da babbar sakandare kyauta, kuma hakan ya sauke wa iyaye nauyi. Amma akwati, da katifa, da kayan abinci, da kuɗin mota, da littattafai suna nan. Kafin nan ma iyaye da yawa suna biyan makarantar kuɗi tun daga rainon yara, ga kuma makarantar Islamiyya. Uban da ya ƙudurta cewa kowane ɗansa zai yi karatun addini da na boko yana lissafi dabam da na uban da zai miƙa wa yaro fartanya. Su kansu 'yan mata da ke zuwa jami'ar UDS ko makarantar koyon aikin jinya ba za su yi aure da wuri kamar iyayensu ba.

Yanzu mu zo kan wanda muke ganin shi ne mafi nauyi: watsewar babban gida. A al'adar Dagomba, mace in ta haihu takan koma gidan iyayenta ta daɗe, wani lokaci sai yaro ya fara tafiya. A wurin Hausawa akwai zuwa wankan jego gida, da shayarwa ta kusan shekara biyu. Akwai kuma riƙo: a Dagbon an saba gwaggo ta ɗauki 'yar ɗan uwanta ta rene ta, a Zango ma ba a rasa ɗan riƙo a kusan kowane gida. Waɗannan al'adu suna da nasu aibi, domin wani ɗan riƙon bauta ya sha. Amma sun yi aiki biyu. Sun ba uwa hutu tsakanin haihuwa da haihuwa, sun kuma raba nauyin yaro a kan mutane da yawa. Da ake cewa ɗa na kowa ne, da gaske ake.

Yau fa? Ma'aurata suna haya a Lamashegu ko Kalpohin, kaka tana ƙauye, ƙanwar da za ta yi goyo tana makaranta ko ta tafi Akra ko Kumasi kayayo. Mai jego ta yi arba'in ta koma ɗakin miji, ta koma kasuwa da jariri a baya. Ma'aikaciya kuwa doka ta ba ta hutun haihuwa na mako 12, bayan nan sai ta nemi inda za ta ajiye jariri. Hutun da al'ada ke bayarwa ya tafi, ba a maye gurbinsa da komai ba. Sakamakon haka iri biyu ne: wata ta riƙa yin kunika, ciki a kan goyo, har jikinta ya gaza, wata kuma ta ce wallahi daga wannan na gama.

Lafiyar uwa ma dalili ce babba. Tun 2008 kula da mai ciki da haihuwa kyauta ne a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, kuma muna da asibitin koyarwa a nan Tamale. Duk da haka, matar da ta taɓa zubar da jini har ta suma, ko ta yi jijjiga, ko aka yi mata tiyata sau biyu ko uku, tsoronta na gaskiya ne. Hausawa suna da sunan wannan hali: haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Ba wanda ke fatan haka a gidansa.

Na ƙarshe, kuma a nan maza sai mu yi haƙuri da juna: halin miji. Matar da mijinta ke raka ta awo, ya ajiye kuɗin cefane, ya ɗauki yaro in tana girki, ba ta jin tsoron ciki kamar wadda aka bar wa komai. Akwai gidajen da maigida zai auna masara ya ba da, shi ke nan, kayan miya da sabulu da magani da kuɗin makaranta duk a kan ribar man kaɗe ko ƙosai. Akwai wanda zai yi saki ya bar mace da yara huɗu, ko juyowa ba zai yi ba. 'Yan mata suna kallon yayyensu, suna koyon darasi. Gani ga wane, ai ya ishi wane.

Darasi daga Navrongo

Ba sai mun je nesa neman hujja ba. A shekarun 1990 cibiyar binciken lafiya ta Navrongo ta yi wani gwaji a ƙauyukan Kassena-Nankana. A wasu ƙauyuka an zaunar da ma'aikaciyar jinya a cikin jama'a tana bi gida-gida. A wasu an jawo sarakuna da dattawa da maza cikin maganar lafiyar iyali. A wasu kuma an haɗa duka biyun. Inda ma'aikaciyar ta zauna, mutuwar yara ta ragu sosai. Inda aka haɗa biyun, haihuwa ta ragu da kimanin ɗa ɗaya ga kowace mace. Masu binciken sun kuma rubuta cewa mata da yawa suna tsoron fushin miji da danginsa idan suka nemi tazara. Daga wannan gwaji ne aka samo tsarin ƙananan ɗakunan shan magani na CHPS da muke gani a ƙauyuka yau.

Abin ɗauka a nan shi ne maganar haihuwa ba ta mace kaɗai ba ce, ba kuma ta asibiti kaɗai ba. Inda aka bar maza a waje, sai ɓoye-ɓoye da zargi su shigo gida.

Me shari'a ta ce?

Ɗalibai, a nan sai ku buɗe littattafanku ku bi mu a hankali.

Da farko, arziki na Allah ne. Ayoyi biyu sun hana kashe 'ya'ya saboda talauci: Suratul An'am aya ta 151 da Suratul Isra'i aya ta 31. Malaman tafsiri, cikinsu har da Ibn Kasir, sun lura da wani bambanci mai kyau. A An'am ana magana da wanda talaucin ya riga ya same shi, sai aka fara ambatar arzikin iyaye kafin na 'ya'ya. A Isra'i ana magana da wanda yake tsoron talaucin da bai zo ba, sai aka fara ambatar arzikin 'ya'yan. Saboda haka wanda ya ƙi haihuwa domin yana zaton Allah ba zai ciyar da yaron ba, ya munana zato ga Ubangijinsa. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Na biyu, tawakkali yana tafiya tare da riƙon sababi. A hadisin Tirmizi an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. A Bukhari da Muslim kuma an nuna cewa kowane magidanci makiyayi ne da za a tambaye shi kan abin kiwonsa. Haihuwa ba ta ƙarewa a ranar suna. Ci da sha, sutura, magani, karatu da tarbiyya duk haƙƙoƙi ne da za a tsaya a amsa.

Na uku, ku karanta Suratul Baƙara aya ta 233 da tafsirinta. A cikinta aka ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku ga mai son cikawa, aka ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba, aka hana a cutar da uwa ko uba ta dalilin ɗansu, aka kuma rataya yaye da wuri a kan yardar su biyun da shawararsu. To mu yi lissafi: wata 24 na shayarwa da wata 9 na ciki sun ba mu wata 33 tsakanin haihuwa da haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma shawararta ita ce a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Kun ga inda aka haɗu.

Na huɗu, hukuncin tazara. Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya ba da labari, a Bukhari da Muslim, cewa sahabbai suna yin azalu a lokacin da Alƙur'ani ke sauka. Azalu shi ne miji ya zubar da maniyyi a waje. Imam Malik a Muwaɗɗa ya sharɗanta izinin matar, domin ita ma tana da haƙƙi a haihuwa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya tattauna niyyoyin masu yin haka a Ihya'u Ulumiddin. Bai haramta wa wanda ke tsoron lafiyar matarsa ba, ko wanda ke tsoron yawan iyali ya tura shi neman haram. Amma ya aibata niyyar wanda ke gudun haihuwar 'ya mace. A kan wannan ne malaman zamani suka yi ƙiyasin magungunan tazara. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke abubuwa uku: bai halatta hukuma ta kafa dokar ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba, haramun ne a kashe ƙwayar haihuwa gaba ɗaya sai da larura ta shari'a, ya halatta a jinkirta ciki na wani lokaci idan akwai buƙata, da shawara da yardar miji da mata, ta hanyar da ba ta cutarwa, kuma ba tare da taɓa cikin da ya riga ya shiga ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe a riƙe shi da kyau. Hana ciki shiga dabam, zubar da shi dabam. Malaman Malikiyya, mazhabar da mafi yawanmu muka tashi a kanta, sun tsananta a nan: mashhurin zance a wurinsu shi ne ba a zubar da ciki ko da bai kai kwana arba'in ba. Inda rayuwar uwa ke cikin haɗari, wannan mas'ala ce da ake kai wa likita amintacce da malami masani, ba a yanke ta a kantin magani.

Idan muka tattara, shari'a ba ta ba mu lamba ba. Mai 'ya'ya tara da ya riƙe su da kyau ya yi daidai. Mai uku da likita ya gargaɗi matarsa, suka yi shawara suka dakata, shi ma ya yi daidai. Ba a auna imanin mutum da yawan takalman da ke ƙofar ɗakinsa.

Waɗanda ke nema ba su samu ba

Ba za mu rufe ba sai mun tuna da 'yan uwanmu da wannan muhawara ke yi wa ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kimanin mutum ɗaya cikin shida yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Matsalar tana iya kasancewa daga namiji kamar yadda take iya kasancewa daga mace, amma a wurinmu mace ake kai wa masu magani, ita ake yi wa gori, ita ake yi wa kishiya ko saki, maigida ko gwaji bai yi ba. Haba 'yan uwa, wannan ba adalci ba ne. A je asibiti tare, a gwada duka biyun. A guji bokaye da masu cin kuɗin mabuƙata. A kuma tuna cewa Nana A'isha (RA) ba ta haihu ba, amma ita ce Uwar Muminai, kuma daga bakinta al'umma ta karɓi hadisai sama da dubu biyu. Ga marayu nan kuma, wanda Annabi (SAW) ya yi wa mai riƙonsu albishir da kusanci da shi a Aljanna.

Abin da ke kanmu

Farashin masara da kuɗin haya ba a hannun masallaci suke ba. Amma akwai abin da ke hannunmu.

Mu sauƙaƙa aure da suna. Idan limamai da masu unguwa da magajiyoyi suka haɗa baki a kan abin da ya wadatar, kuma masu hali suka fara da 'ya'yansu, talaka zai samu bakin magana.

Mu dawo da gidan da ya watse ta wata siga. Ƙungiyoyin matanmu da ke yin adashi za su iya tsara wa mai jego taimako na kwana arba'in: wannan ta kawo ruwa, wannan ta yi wanki, waccan ta kai yara makaranta. Makarantunmu na Islamiyya za su iya duba yadda za a rage wa mai 'ya'ya da yawa kuɗin wata. Daga zakka da sadakar Juma'a a ware wani abu don mai naƙudar da ba ta da kuɗin mota, da sabunta katin inshorar marasa hali. Matasanmu masu lafiya su saba da ba da jini, domin jini na cikin abin da ke ceton mai haihuwa.

Maza mu zauna da matanmu mu yi maganar nan da baki, tun kafin ta zama rigima. Ka tambaye ta yadda jikinta yake, ka raka ta awo ko sau ɗaya ka ji abin da ungozoma za ta ce. Ke ma uwargida, kada ki sha magani a ɓoye, kada kuma ki saya a bakin titi. Ki nemi shawarar ma'aikatan lafiya da sanin maigidanki, in ya ƙi sauraro a sa wani babba da yake jin nauyinsa. Iyayenmu surukai, don Allah a rage tambayar "har yanzu shiru?" Addu'arku ta fi tambayar amfani.

Ku kuma ɗalibai, gobe ku ne za a zo wa da waɗannan tambayoyi. Ku koyi mas'alar da dalilanta, ku san halin da mutane ke ciki, kada ku yi saurin cewa haramun ko halal kafin ku ji labarin gidan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma renon ɗa ya fi jinka nauyi.

Allah ya ba mu zuriya ɗayyiba, ya shirya mana waɗanda ya ba mu, ya buɗa wa masu nema, ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan iyayenmu da suka rene mu. Amin.